Cinikin gida a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Cinikin gida shi ne tayi da ragi da ake yi tsakanin mai gida da mai saye, yawanci ta hannun dillali, har su daidaita a kan farashi da sharuɗɗan biya. A ƙananan hukumomin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa da ke arewa maso yammacin Jihar Jigawa, wannan ciniki yana bin abubuwa uku: al'adar kasuwar Hausawa, fiƙihun Malikiyya, da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. A unguwannin da masu neman gida suka fi gidajen sayarwa yawa, mai saye ba ya samun ragi mai yawa a kan kuɗin da aka sa. Saboda haka cinikin yakan koma kan lokacin biya, ingancin takardu, amincewar magada, gyaran da gidan yake buƙata, da ranar da za a miƙa makulli.

Yankin

An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Babban birninta Dutse, kuma tana da ƙananan hukumomi 27 da masarautu biyar. Kazaure, Roni da Gwiwa, tare da 'Yankwashi, suna cikin Masarautar Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa a farkon ƙarni na 19. Babura kuwa tana cikin Masarautar Ringim. Duka huɗun suna cikin mazaɓar ɗan majalisar dattawa ta Jigawa ta Arewa maso Yamma.

A ƙidayar shekarar 2006, Babura tana da mutane sama da 200,000, Kazaure sama da 160,000, Gwiwa sama da 120,000, Roni kuma sama da 77,000. Yawancin mazauna yankin manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Garin Kazaure shi ne mafi girma a cikin hedikwatocin huɗu. Yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Daura, kimanin kilomita 80 daga Kano. Ƙasar Kazaure da Roni tana da duwatsu da tuddai, ita kuwa ta Babura shimfiɗaɗɗiya ce mai yashi. Wannan bambanci yana shafar kuɗin tona harsashi, haƙa rijiya, da yadda ruwan sama yake bi da gini.

Kasuwar gidaje a yankin ba iri ɗaya ba ce. A garuruwan Kazaure da Babura ana sayar da ginannun gidaje da fulotai ga baƙi da 'yan gari. A ƙauyukan Roni da Gwiwa kuwa, gida yakan tafi ne ta hanyar gado, kyauta ko aro, kuma idan an tashi sayarwa dangi da maƙwabta ake fara yi wa tayi.

Dalilan ƙarancin gidaje

Ana cewa kasuwar gidaje ta matse idan masu nema sun yi yawa, gidajen da aka fitar don sayarwa kaɗan ne, kuma gida ba ya daɗewa a hannun dillali. Abubuwa da dama ne suke kawo haka a manyan garuruwan yankin.

Na farko shi ne manyan makarantu. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, wadda aka kafa a 1991 a matsayin ta jiha kafin gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 2007, da kuma Cibiyar Fasahar Sadarwa ta Jihar Jigawa. A Babura, gwamnatin Muhammadu Buhari ta kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. Malamai da ma'aikata da ɗalibai suna neman masauki, wannan kuma yana sa mai gida ya gwammace ya ba da haya maimakon ya sayar.

Na biyu shi ne hanyoyi. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Duk inda ake sa ran tasha ko sabuwar hanya, masu filaye sukan riƙe abinsu suna jiran farashi ya tashi.

Na uku shi ne tsadar gini. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin farashin naira a watan Yuni na shekarar, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Siminti, rodi, kwanon rufi da katako duk sun yi tsada. A Fabrairun 2024 sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin siminti aka tsayar da buhu mai kilo 50 tsakanin naira 7,000 da 8,000. Idan sabon gini ya yi tsada, tsohon gini ma yana tashi, domin mai shi yana lissafin abin da zai kashe ya gina wani.

Na huɗu shi ne al'ada. Gidan gado yana da daraja a idon iyali, kuma sayar da shi yana buƙatar yardar magada da yawa. Ga wanda yake da kuɗi kuma, gida da fili ma'ajiya ce da ba ta faɗuwa kamar naira, don haka ba ya gaggawar rabuwa da su. Gwamnatin Umar Namadi ta ƙaddamar da aikin gina gidaje 1,500 a manyan garuruwan jihar domin rage wannan ƙaranci.

Masu hannu a ciniki

Mai gida yana iya zama mutum ɗaya, ko magada, ko wakilin da aka ba shi iko. Sanin wanda yake da ikon sayarwa shi ne matakin farko, domin cinikin da aka ƙulla da wanda ba shi da iko yana iya warwarewa ko da an biya kuɗi.

Dillali shi ne yake haɗa ɓangarorin biyu. Yana kai tayi, yana dawo da amsa, yana kuma karɓar la'ada idan ciniki ya faɗa. La'ada galibi kashi 5 cikin 100 ce, wani lokaci daga kowane ɓangare, kuma ita ma ana ciniki a kanta. Tunda la'adarsa tana ƙaruwa ne da farashi, kuma ba ya samun komai idan ciniki ya wargaje, abin da dillali ya fi so shi ne a gama da wuri. Gida ɗaya yakan shiga hannun dillalai da yawa, kowa ya ɗora nasa, har farashin da mai saye ya ji ya wuce abin da mai gida ya nema.

Mai unguwa, dagaci da hakimi su ne suka san tarihin fili da iyakokinsa. Sukan sa hannu a takardar ciniki, kuma su ake fara nema idan rigima ta taso. Maƙwabta suna nuna iyaka, shaidu kuma suna tabbatar da abin da aka faɗa da abin da aka biya. A manyan cinikayya ana kiran lauya ya rubuta yarjejeniya, da safiyo ya auna fili, da ƙwararren mai ƙiyasta kadara. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙiyasi, NIESV, an kafa ta a 1969, kuma wata doka ta 1975 ce ta kafa hukumar da take yi musu rajista.

Ƙiyasta kuɗin gida

Ba a wallafa farashin da aka sayar da gidaje a yankin, don haka kowane ɓangare yana yin nasa ƙiyasin. Hanyoyi uku aka fi bi.

Ta farko ita ce kwatanci: nawa aka sayar da gida irinsa a unguwar a 'yan watannin nan. Abin dubawa shi ne kuɗin da aka biya, domin kuɗin da aka sa wa gida da kuɗin da aka sallama shi sukan bambanta. Ana samun wannan bayani a wurin mai unguwa, shaidun cinikin da ya gabata, da dillalai fiye da ɗaya.

Ta biyu ita ce lissafin gini: kuɗin fuloti a unguwar, a haɗa da abin da za a kashe a yi gini irinsa yau, a cire tsufa da gyara. Magini da kafinta suna iya ƙirga bulo, siminti, bandir ɗin kwano da katako. Ana auna fuloti da ƙafa, misali 50 da 50 ko 50 da 100.

Ta uku ita ce lissafin haya: abin da gidan zai kawo a shekara, da shekarun da za a yi kafin kuɗin saye su dawo. Masu sayen gidajen ɗalibai a kusa da makarantu da ita suka fi aiki.

Abubuwan da suke ɗaga kuɗin gida sun haɗa da fuskantar kwalta, kasancewa a kan kwana, kusanci da kasuwa ko masallacin Juma'a, ruwan famfo ko rijiyar burtsatse, wutar lantarki, katanga, da wurin da za a iya fitar da shago. Abubuwan da suke sauke shi sun haɗa da lungun da mota ba ta shiga, kwarin da ruwa yake kwanciya, tsagewar bango, rufin da yake yoyo, da rashin takarda. Ginin ƙasa mai azara da ginin bulo ba kuɗinsu ɗaya ba. Sau da yawa mai sayen tsohon ginin ƙasa filin yake saye, shi ya sa yake cire kuɗin rushewa da kwashe ƙasa daga tayinsa.

Matakan ciniki

Ciniki yana farawa da ganin gida. Daga nan mai gida ya sa kuɗi, ko ya ce a taya. Idan tayin bai yi masa ba sai ya ce albarka, wato bai sallama ba amma ƙofa a buɗe take. Mai saye ya ƙara, mai gida ya rage, dillali yana kai-kawo a tsakani. Idan an daidaita mai gida ya ce ya sallama, mai saye ya ce ya saya, a gaban shaidu. Sannan a ba da kafin alƙalami, a sa ranar cika sauran kuɗi, a rubuta takarda.

Lambar da aka fara ambata tana da tasiri a kan inda cinikin zai ƙare. Wani bincike da Gregory Northcraft da Margaret Neale suka wallafa a 1987 a Amurka ya nuna cewa har ƙwararrun dillalan gidaje suna ƙiyasta gida da tsada idan an nuna musu babban farashi tun farko. Saboda haka mai sayen da ya yi nasa lissafin kafin ya ji kuɗin mai gida ya fi sanin inda zai tsaya.

A kasuwar da ta matse, tayin da ya yi ƙasa ƙwarai yana da haɗari. Mai gida yana iya ɗaukarsa a matsayin raini ya daina magana, tunda akwai wasu masu nema. Tayin da aka kawo da dalili, kamar kuɗin sake rufi ko farashin gidan da aka sayar a layin, ya fi samun amsa. A ɗaya ɓangaren, dillali yakan ce akwai wani da ya taya fiye da haka kuma gobe zai kawo kuɗi. Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci dabara ce ta sa mai saye gaggawa. Masu hankali a ciniki sukan nemi zama da mai gidan da kansa, su kuma tsayar da iyakar da ba za su wuce ba tun kafin a fara.

Dalilin sayarwa ma yana da muhimmanci. Wanda yake neman cika kuɗin kujerar aikin Hajji, ko biyan kuɗin asibiti, ko magadan da suke son raba gado, sun fi son kuɗi a hannu da wuri. Wanda ba shi da wata buƙata yana iya jira watanni. Lokacin shekara ma yana tasiri: da kaka, bayan an sayar da amfanin gona irin su riɗi da gyaɗa, kuɗi sukan yawaita a hannun mutane, masu saye su ƙaru. Da damina kuwa aibin gida yana fitowa fili, domin a lokacin ake ganin yoyo da inda ruwa yake kwanciya.

Abin da ake ciniki a kai bayan farashi

Idan mai gida ya ƙi rage kuɗi, akwai sauran abubuwan da suke canza abin da gidan zai ci wa mai saye:

- Lokacin biya: gaba ɗaya, ko kashi biyu ko uku.
- Wanda zai biya la'ada, kuɗin shaida, kuɗin lauya da na safiyo.
- Wanda zai biya kuɗin neman amincewar gwamna da rajistar takarda.
- Bashin da ke kan gidan, kamar harajin fili da ba a biya ba, da kuɗin wutar KEDCO, kamfanin da yake raba lantarki a Kano, Katsina da Jigawa.
- Gyaran da za a yi kafin a miƙa gida, ko a cire kuɗinsa daga farashi.
- Kayan da za a bari: tankin ruwa, injin rijiya, faranti mai amfani da hasken rana, ƙofofi da tagogi.
- Ranar da mai gida ko ɗan haya zai tashi.

Misali, a ɗauka an sa wa gida naira miliyan 12, mutum biyu suna nema. Na farko ya taya miliyan 11.5 a kan zai biya cikin wata huɗu. Na biyu ya taya miliyan 11 a kan zai biya cikin mako ɗaya, kuma ya yarda iyalin mai gidan su zauna wata biyu kafin su tashi. A lokacin hauhawar farashi, mai gidan da yake son ya sayi siminti ya fara wani gini yana iya zaɓar na biyu, domin kafin wata huɗu rarar naira 500,000 ɗin ta rage daraja. Ta wannan hanya saurin biya yake zama ragi.

Hukuncin Musulunci

Yawancin mutanen yankin Musulmi ne masu bin mazhabar Malikiyya, kuma Jihar Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000. Littattafan da malamai da alƙalai suke komawa gare su a kan ciniki sun haɗa da Risala ta Ibn Abi Zaid, Mukhtasar na Khalil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim.

A Malikiyya ciniki yana ƙulluwa da zarar an yi miƙawa da karɓa da baki, ko da ba a tashi daga wurin ba. Wanda yake son lokacin yin shawara sai ya sa sharaɗin zaɓi tun a wurin ƙullawa, kuma a kan gida ana yarda da kimanin wata ɗaya. An hana mutum ya shiga cinikin ɗan'uwansa bayan ɓangarorin biyu sun karkata ga juna sun daidaita a kan kuɗi. Kafin a kai ga haka, ƙarin tayi daga masu nema da yawa halal ne, kamar yadda ake yi a gwanjo. An kuma hana najashi, wato mutum ya ƙara tayi ba don ya saya ba, sai don ya ingiza wani.

A kan kafin alƙalami, Malikiyya ba ta yarda a sa sharaɗin cewa mai gida zai cinye kuɗin idan mai saye ya fasa ba. Idan kuwa kuɗin wani ɓangare ne na farashi, kuma za a mayar idan ciniki bai tabbata ba, babu laifi. Hambaliyya sun halatta a cinye. Saboda wannan saɓani, rubuta matsayin kuɗin a takarda yana hana gardama daga baya.

Wajibi ne mai gida ya bayyana aibin da ya sani. Malaman mazhabar sun kasa aibin gida gida uku: ƙarami wanda ba a yin komai a kansa, matsakaici wanda ake rage kuɗinsa daga farashi, da babba, kamar wanda ake tsoron gidan ya rushe saboda shi, wanda yake ba mai saye damar mayar da gidan. A kan wanda aka yi wa tsada ko araha fiye da kima, Tuhfa ta ba shi damar kai ƙara idan bai san farashi ba, asarar ta kai kashi ɗaya cikin uku, kuma shekara ba ta wuce ba.

Shufu'a ita ce haƙƙin abokin tarayya ya karɓi rabon da aka sayar wa bare, ya biya kuɗin da aka saya. A Malikiyya tana tabbata ne ga wanda yake da rabo a kadarar da ba a raba ba, kamar magaji a gidan gado. Maƙwabci ba shi da ita, saɓanin Hanafiyya. Wanda yana nan kuma ya san da cinikin ya yi shiru har kimanin shekara, haƙƙinsa ya faɗi. Idan akwai marayu ƙanana cikin magada, ba a sayar da rabonsu sai ta hannun wasiyyi ko alƙali, kuma da dalili karɓaɓɓe.

Sayarwa bashi a kan kuɗin da ya fi na hannu halal ne a wurin jumhurun malamai, muddin an tsayar da farashi ɗaya da lokacin biya a wurin ƙullawa. Ƙara kuɗi saboda an makara biya riba ce.

Dokar ƙasa da takardu

Tun zamanin Turawa, dokar filaye ta 1910 ta sa ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon gwamna, kuma dokar Jihar Arewa ta 1962 ta ci gaba a kan haka. Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a ranar 29 ga Maris, 1978, ta shimfiɗa tsarin a duk Najeriya, kuma sashe na 315 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya. A ƙarƙashinta, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna. Abin da mutum yake da shi haƙƙin zama ne, wanda a gidajen kwana yawanci shekara 99 ake rubutawa. Gwamna ne yake ba da shi a yankunan da aka ayyana birni, ƙaramar hukuma kuma tana ba da na gargajiya a karkara.

Sashe na 21 da na 22 sun ce ba a sayar ko jinginar da wannan haƙƙi sai da amincewar gwamna ko ƙaramar hukuma, sashe na 26 kuma ya soke cinikin da ya saɓa wa dokar. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, kamar hanya ko layin dogo, sashe na 29 kuma ya tanadi diyyar gini da amfanin da ke kan filin.

Takardun da ake gani a yankin mataki-mataki ne: takardar ciniki mai sa hannun shaidu da mai unguwa, takardar ƙaramar hukuma, takardar rabon fuloti ta gwamnati, da takardar shaidar mallaka mai sa hannun gwamna. Gida mai shaidar mallaka ya fi tsada, domin banki yana karɓarsa jingina kuma ana iya bincika rajistarsa a ma'aikatar filaye da ke Dutse. Binciken yana nuna sunan mai shi, da ko an jinginar da gidan, da ko filin yana cikin wurin da gwamnati ta keɓe. Gidan da ba shi da ita yana zuwa da sauƙi, amma mai saye ne zai ɗauki kuɗi da wahalar nemanta.

Biyan kuɗi da rance

Yawancin gidaje a yankin da kuɗin hannu ake sayensu: ajiya, adashi, kuɗin sallama daga aiki, ko sayar da gona da dabbobi. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma sama da miliyan 10, sai ta banki. Turawa ta banki kuma tana barin shaidar da ake iya nunawa a kotu.

Ma'aikatan da suke zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsu a Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, suna iya neman rance daga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a kan ruwa kashi 6 cikin 100, a biya har shekara 30. Rancen bankunan kasuwanci ya fi haka tsada ƙwarai, tunda Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a Nuwambar 2024. Masu guje wa ruwa suna da bankunan Musulunci irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJBank da ya fara a 2019, waɗanda suke amfani da murabaha da ijara. Duk waɗannan hanyoyi suna buƙatar cikakkun takardu kuma suna ɗaukar lokaci, don haka mai jiran rance yakan rasa gida ga mai kuɗi a hannu.

Rigingimu

Rigingimun da suka fi yawa su ne sayar da gida ɗaya ga mutum biyu, sayar da gidan gado ba da sanin wasu magada ba, musamman mata da waɗanda suke zaune a wani gari, cin iyaka, gidan da aka jinginar, da fasa ciniki bayan an karɓi kafin alƙalami saboda wani ya ƙara kuɗi. Yawancinsu suna da alaƙa da gaggawa: mai saye yana tsoron a riga shi, sai ya biya kafin ya ga asalin takarda ko ya ji daga bakin magada. Farashin da ya yi ƙasa da na unguwa ba tare da dalili ba yakan zama alamar ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli.

Ana fara sulhu a wurin mai unguwa, dagaci ko hakimi. Idan abin ya gagara sai a je kotu. Kotunan shari'ar Musulunci suna duba gado da shufu'a, Babbar Kotun Jiha kuma ita take da hurumi a kan filin da gwamna ya ba da haƙƙin zama a kansa. A fiƙihun Malikiyya akwai hauzi: wanda ya ga bare yana zaune a kadararsa yana gini da rushewa har shekara 10, bai yi magana ba alhali babu abin da ya hana shi, ba a sauraron da'awarsa bayan haka.

A wasu ƙasashe

Matsalar masu saye da yawa a kan gida ɗaya ba a Jigawa kaɗai take ba. A Ingila, yarda da baki ba ta ɗaure kowa sai an yi musayar rubutacciyar yarjejeniya, don haka mai gida yana iya karɓar tayin da ya fi ko bayan ya amsa wa wani. A Sikotilan ana sa ranar rufe tayi, kowa ya kawo nasa a rubuce ba tare da ya san na sauran ba. A Amurka mai saye yana ajiye kuɗin kamu a hannun wani amintacce na uku, kuma yakan sa sharaɗin duba lafiyar gida da samun rance, sharuɗɗan da wasu suke janyewa idan gasa ta yi zafi. Babban bambancin waɗannan ƙasashe da yankin Kazaure shi ne a can ana iya duba farashin da aka sayar da gidaje a rajista, a nan kuwa wannan ilimi yana hannun dillalai, shaidu da masu unguwanni.

Duba kuma

- Masarautar Kazaure
- Masarautar Ringim
- Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978
- Shufu'a
- Dillanci
- Rabon gado a Musulunci